Dishi-dishin gani: kuka ɗaya a baki, cututtuka da yawa a ido

Duk wanda ya saba bi ta bakin Kasuwar Kurmi ko ƙofofin Kantin Kwari ya san masu tallar tabarau, waɗanda ke jera hajarsu a kan allon katako, baƙaƙe na rana a gefe guda, farare na karatu a ɗaya gefen. Cinikin ba ya ɗaukar lokaci. Magidanci zai tsaya ya maƙala ɗaya, ya zaro wayarsa ya duba sunaye, ya ce wannan yana jan ido, a canza masa wani, har ya dace da wanda rubutu ya fito masa sarai, ya biya ya wuce. Ba na cikin masu yi wa wannan ciniki dariya, domin sau da yawa mai saye yakan samu biyan bukata da kuɗi kaɗan. Abin da ke damuna shi ne, kukan da ya kawo shi gaban allon, wato "ina gani dishi-dishi", shi ne dai kukan mai yanar ido, shi ne na mai ciwon sukari, shi ne kuma na wanda jijiyar ganinsa ta kusa ƙarewa. Mutanenmu sukan zaɓi magani tun kafin su san ciwon, alhali maganin wannan ba ya taɓa wancan.

Saboda haka, kafin a yi maganar zaɓi tsakanin tabarau da tiyata, sai an san inda aibin yake. Ƙwayar idon baligi tsawonta daga gaba zuwa baya kimanin milimita 24 ne. Haske yana shiga ta wata fata garai-garai da ta rufe baƙin ido, wadda za a iya kira tagar ido, kaurinta kusan rabin milimita, amma ita ke yin kusan kashi biyu cikin uku na aikin tanƙwara haske. A bayanta akwai madubin ciki, mai taushi, wanda yake kumbura ko ya baje domin daidaita ganin kusa da na nesa. Daga nan hasken ya sauka a kan tantanin gani da ke shimfiɗe a bangon baya, sai jijiyar gani ta kwashi saƙon zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar da ke raba cututtukan ido gida biyu a nan take: abin da ya samu matsala a gaba, taga ko madubi, galibi ana iya gyara shi ko a musanya shi, amma abin da ya mutu a baya, tantani ko jijiya, ba ya dawowa.

Mafi yawan masu kukan rashin gani sosai idanunsu lafiya lau suke, saiti ne kawai bai daidaita ba. Idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima, hasken yakan haɗu kafin ya isa tantani, sai mutum ya ga na kusa amma na nesa ya dushe masa, kuma irin wannan shi ne yaron da ke ƙanƙance ido a aji yana kwafar rubutun allo daga littafin na kusa da shi. Idan ta yi gajarta, ido yakan yi ta wahala wajen duban kusa, abin da ke zuwa da ciwon kai da gajiya. Idan kuwa tagar ido ba ta lanƙwasa daidai ta kowane ɓangare ba, kamar bayan cokali maimakon bayan ƙwarya, sai layuka su riƙa karkacewa, kusa da nesa duka. Na huɗunsu kuma ba ya barin kowa. Daga shekara 40 zuwa sama madubin ciki yana fara tauri, ya kasa kumbura kamar da, shi ya sa tela yake neman yaron shago ya zura masa zare a allura, mai ɗinkin hula ya koma bakin ƙofa neman haske, malami ya riƙa nesanta littafi da fuskarsa har hannunsa ya miƙe. Wannan ba cuta ba ce, furfurar ido ce.

Akwai alƙaluma da ke nuna girman lamarin. Binciken ƙasa kan makanta da raunin gani da aka gudanar a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta abu ne da ake iya hanawa ko warkarwa. Yanar ido ce ta ɗauki kaso mafi girma, kashi 43 cikin 100, sai gilakoma, cutar da ke kashe jijiyar gani, da kusan kashi 17. A tsakanin waɗanda ganinsu ya raunana amma bai kai makanta ba, fiye da rabi tabarau kawai suka rasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ya ce mutum aƙalla biliyan 2.2 ne ke da matsalar gani a duniya, kuma aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu da an kula da ba su kai haka ba, ko kuma har yanzu ba a duba su ba. A gari irin Kano, da ke da Unguwar Makafi har da sarkinsu, waɗannan lambobi ba baƙon labari ba ne.

Abin mamaki shi ne, mafi arha kuma mafi aminci cikin hanyoyin gyaran gani shi ne wanda aka fi yi wa ƙage. An ce tabarau yana cinye ido, wai wanda ya fara sa shi ba ya rabuwa da shi. Gilashi ba ya shiga cikin ido, ba ya ƙara masa tsawo, ba ya rage masa. Abin da ke faruwa shi ne, mutumin da ya ɗanɗana gani garau ba ya ƙara yarda da dishi-dishin da ya saba da shi a da, sai ya ɗauka cire tabaran ne ya dusashe masa ido. Haka kuma lambar ƙarfin tabaran mai gajeren gani, wato wanda na nesa ke dushe masa, takan hau yayin da yake girma, ta dattijo mai tabaran karatu ma takan hau daga wajen +1.00 zuwa +2.50 ko +3.00 tsakanin shekara 40 da 60, ya sa tabarau ko bai sa ba. Na sha jin uwa ta hana 'yarta budurwa sa tabarau don kada a ce tana da lahani a rasa manemi, yarinyar ta yi ta zama a bayan aji ana ce mata daƙiƙiya.

Sha'anin yara ya fi haka tsanani, domin gani abu ne da ƙwaƙwalwa ke koyo, kuma ƙofar koyon takan fara rufewa wajen shekara bakwai zuwa takwas. Idan ido ɗaya yana aika hoto mai hazo, ko yaro yana da harara-garke, ƙwaƙwalwa sai ta yi watsi da wannan idon, ya zama malalaci, kuma tabaran da aka kawo bayan an girma ba ya cika ta da shi. Maganin a ƙuruciya mai sauƙi ne: tabarau, da rufe idon mai kyau na wasu sa'o'i a rana domin a tilasta wa raunannen aiki. Farin ɗigo a tsakiyar baƙin idon jariri kuwa, wanda wani lokaci a hoton waya ake fara ganinsa, ba a kwana da shi, domin yana iya zama yanar haihuwa ko dajin ido.

Tabaran kan allo na kasuwa yana da iyakarsa. Gilasansa biyu ƙarfinsu ɗaya ne, alhali idanun mutane da yawa ba ɗaya suke ba, ba ya gyara karkacewar tagar ido, ba ya kuma amfanar mai gajeren gani. Ga dattijon da ganinsa na nesa yake lafiya, yana yin aiki, kuma ba ya cutarwa. Illarsa a wani wuri take: yana kawar da dalilin da zai kai ɗan shekara 45 gaban mai duba ido, a daidai shekarun da cututtukan da ba sa ciwo suke fara ɓarna.

Akwai kuma ɗan siririn gilashin roba da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido. Yana da amfani ga mai lamba babba, ko mai idanu biyu da suka yi nisa da juna a ƙarfi, amma yana bukatar tsabtar da ba kowa ke iya ta ba: wanke hannu, ruwan magani na musamman, cirewa kafin barci, da nisantar ruwan famfo da na rijiya, waɗanda ke ɗauke da ƙwayoyin da ke cin tagar ido. A hunturun Kano, lokacin da ƙura ke shiga har cikin ɗaki, ɗawainiyarsa ta ninka. Masu launi da ake sayar wa amare tare da kayan kwalliya, har a yi aron su tsakanin ƙawaye, su ne suka fi haɗari, domin gyambo ɗaya a tsakiyar taga ya isa ya bar hakiya ta har abada.

Aikin lesa, wanda aka fi sani da LASIK, shi ne abin da matasa masu hali ke yawan tambaya. Ana ɗaga wani siririn ɓawo na tagar ido, a sassaƙe ƙarƙashinsa da hasken lesa gwargwadon lambar tabaran mutum, a mayar da ɓawon. Ga wanda ya dace, sakamakonsa yana da kyau. Sai dai ba kowa ne ya dace ba: dole mutum ya wuce shekara 18, lambarsa ta tsaya cik na aƙalla shekara guda, tagarsa tana da isasshen kauri, ba mai juna biyu ba. Bushewar ido da ganin haske yana tartsatsi da dare suna iya biyo baya, kuma aikin ba ya hana furfurar ido zuwa, don haka wanda aka yi wa yana ɗan shekara 25 zai nemi tabaran karatu idan ya haura 40. A ganina, wannan aikin jin daɗi ne, ba na ceton gani ba, kuma ba shi ne babbar tambayar Kano ba.

Babbar tambayarmu yanar ido ce. Yana ba wata fata ba ce da ta tsiro a kan ido, kamar yadda sunan ke sa a zata. Madubin ciki ne da kansa ya gurɓace, kamar yadda farin ƙwai ke rikiɗa idan ya ji wuta, kuma tsufa ne babban sanadinsa, sai ciwon sukari, da bugu, da shan taba, da yawan amfani da wasu magunguna. Babu ɗigo, babu tozali, babu tabarau da ke wanke shi. Maganinsa ɗaya ne, a cire gurɓataccen madubin a dasa na roba a gurbinsa, dabarar da likita Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Ana kashe zafin idon kawai, mutum yana farke, aikin yakan ɗauki abin da bai kai rabin sa'a ba, kuma galibi washegari ake cire bandeji. Akwai hanyar ƙaramin yanka da hannu, wadda ta fi yawa a asibitocinmu, akwai kuma ta injin da ke farfasa yanar ya zuƙe ta, wadda ta fi tsada. A hannun gwani dukansu suna ba da gani mai kyau. Tsohuwar maganar cewa sai yana ta nuna ake taɓa ta ta zamanin da ce, domin yanzu ma'aunin shi ne ranar da ta fara hana mutum sana'arsa ko karatunsa, kuma yanar da ta wuce nuna tana iya ta da matsin ido ta kashe shi gaba ɗaya.

Duk da haka, har yau akwai masu bin ƙauyuka da unguwannin bayan gari suna aikin yana na gargajiya. Yadda suke yi shi ne su soka tsinke a gefen ido, su ture madubin ya faɗa cikin ƙwayar ido ta baya. Nan take haske ya shigo, tsoho ya ga inuwar yatsu, jama'a su yi kabbara, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya bar gari kafin mako ya zagayo. Na san wani dattijo a danginmu da aka yi wa haka. Kwana uku yana murna yana gane launin rigar jikokinsa, a na huɗu ido ya yi ja ya kumbura, ya kwana yana riƙe da kai, kuma ko da aka kawo shi birni likita ya ce sai dai a yi ƙoƙarin ceton ɗaya idon. Ko da ba a samu ƙwayar cuta ba, idon da aka raba da madubinsa ba ya gani sosai sai da tabarau mai kauri na wajen +10, wanda masu wannan aiki ba sa bayarwa. Binciken 2005 zuwa 2007 ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka bi da su, kuma mafi yawansu makafi ne a lokacin da aka duba su. Ban ɗora laifin a kan jahilci kaɗai ba. Mai tsinke yana zuwa har ƙofar gida, yana karɓar akuya ko hatsi, yana magana da harshen da tsoho ke ji, asibiti kuwa yana bukatar kuɗin mota da ɗan rakiya da layi.

Gilakoma ita ce kishiyar yana ta kowace fuska. A Hausa wasu na ce mata hawan jinin ido, wasu kuma hakiya, alhali hakiya a asali farin tabo ne da ake gani a kan baƙin ido, ita kuwa gilakoma ba a ganin komai daga waje. Akwai ruwa da ido ke samarwa yana kuma zubarwa ta wasu 'yan magudanai. Idan magudanan suka toshe, matsin cikin ido, wanda a al'ada yake tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, yakan hau, ya riƙa kashe zaren jijiyar gani ɗaya bayan ɗaya. Tana fara ci daga gefe, tsakiya tana nan garau, ba ciwo, ba ja, har sai mutum ya fara karo da ƙyaure ko bai ga babur ɗin da ya ɓullo ta gefensa ba. Tana kama baƙar fata da wuri kuma da ƙarfi, tana bin jini, don haka wanda mahaifinsa ko yayarsa ta makance ido a buɗe yana da dalilin zuwa awo kowace shekara. A Najeriya kimanin mutum ɗaya cikin 20 na 'yan shekara 40 zuwa sama yana da ita, kuma ƙalilan ne suka san da haka.

Wahalar maganinta ita ce ba ya faranta rai. Ɗigon timolol ko latanoprost, ko lesa, ko tiyatar buɗe sabuwar magudana, duk aikinsu shi ne su tsare abin da ya rage, ba su dawo da abin da ya tafi ba. Mai yana yana fita daga tiyata yana godiya, mai gilakoma kuwa yana sayen kwalba duk wata bai ga wani canji ba, sai ya gaji ya daina, ko ya ji labarin maƙwabcin da aka yi wa aiki bai gani ba ya ƙi yarda a taɓa shi. Da azumi ma wasu sukan ajiye ɗigon wata guda cur saboda ɗacinsa da suke ji a maƙogwaro. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin wannan, amma ta fuskar likitanci mafita tana kusa, domin yawancin waɗannan magunguna sau ɗaya ko sau biyu ake ɗigawa a rana, ana iya mayar da su lokacin sahur da bayan buɗa-baki, kuma danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti ɗaya ko biyu yana rage gangarowarsu.

Wata gilakomar kuma da hannunmu muke saye a kemis. Yaran da ke fama da ƙaiƙayin ido na rani, waɗanda farin idonsu ke rinewa ya yi ruwan ƙasa, ana yawan ba su ɗigo mai sinadarin dexamethasone ko betamethasone, ƙaiƙayi ya lafa cikin kwana biyu, iyaye su mayar da shi abin kullum. Watanni ana haka matsin ido yana iya hawa, yanar ido kuma tana iya fitowa a idon ɗan shekara goma. Idan apolo ta ɓarke kuwa, wadda galibi da kanta take warkewa cikin mako ɗaya ko biyu, ba abin da ba a zubawa a ido: ruwan sukari, ruwan albasa, nonon uwa, fitsari, har ruwan batir. Kwalli na dutse ma, wanda ake ranɓaɗa wa jarirai, yakan ƙunshi dalma. Mai ciwon sukari kuma ya sani cewa cutar tana fasa ƙananan hanyoyin jini na tantanin gani tun ganinsa yana lafiya, kuma lesa ko allurar cikin ido suna aiki ne idan an zo da wuri.

Kano ba ta rasa wuraren zuwa ba. Asibitin ido na ECWA da ke wajen Sabon Gari yana aiki tun 1943, har daga ƙasashen maƙwabta ake zuwa masa. Akwai sashen ido a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, akwai Asibitin Ido na Makka, ga kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Abin da ke rikita jama'a shi ne duk mai farar riga a wurin ido likita ake ce masa, alhali aikin kashi uku ne: likitan ido mai tiyata, da masanin awon gani mai rubuta lambar tabarau da gano alamun cuta, da mai yanka gilashi ya ɗora a firam. Kowannensu yana da muhimmanci, amma wanda ya tsaya a wurin na ukun bai yi awon ido ba.

Cikakken awo ya wuce karanta haruffan da ke jikin bango. Ya haɗa da gwada kowane ido shi kaɗai, da duban gaban ido da na'ura mai fitila, da auna matsi, da leƙa jijiyar gani da tantani, sannan gwajin faɗin gani idan an yi zargin gilakoma. Wanda ya kai 40, ko yake da sukari, ko makanta a dangi, yana da haƙƙin ya tambaya kai tsaye ko an auna masa matsin ido, nawa aka samu, ya kuma rubuta lambar ya ajiye don a kwatanta da ta baɗi. Domin a leƙa bayan ido da kyau akan ɗiga maganin da ke buɗe ɗan baƙin tsakiya, wanda ke sa gani ya dushe, hasken rana ya riƙa kashe ido na tsawon sa'o'i huɗu zuwa shida, saboda haka ranar awo a bar babur da mota a gida, a tafi da ɗan rakiya da baƙin tabarau, a kuma haɗa da duk kwalaben ɗigon da aka taɓa amfani da su, har da waɗanda aka saya a kemis.